Harajin Ƙaramar Hukuma a Zariya: Mai Talla Na Biya, Mai Bene Na Kallo

Idan damina ta kankama a Zariya, lambatun Tudun Wada da na Sabon Gari suka toshe da leda, ruwa ya rasa hanya ya faɗa wa shaguna, wanda ake fara ambata shi ne gwamna, daga shi sai shugaban ƙasa. Da wuya ka ji wani ya ce ina ciyaman, ina kansilan mazaɓa. Alhali kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ƙaramar hukuma ya ɗora wa kwashe shara, gyara lambatu da ƙananan tituna, fitilun kan hanya, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Ya kuma ba ta hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk abin da ke taɓa rayuwar mutum daga ƙofar gidansa zuwa bakin babban titi, kusan aikinta ne. Dalilin da ya sa jama'a suka daina tuhumar ta yana cikin hanyar da kuɗinta ke shigowa.

Ƙananan hukumomin Najeriya 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi. Daga nan ne kusan duk abin da suke kashewa ke fitowa. Abin da suke tarawa da kansu a cikin gari ɗan kaɗan ne, a wurare da yawa ko albashin wata guda ba zai biya ba. Kuɗin Abuja kuma shekara da shekaru ba ya isa sakatariya kai tsaye. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, a nan ake cire albashin malaman firamare da sauran abubuwan da jiha ta ga dama, abin da ya saura shi ake miƙawa. Ciyaman da ya san cewa abincinsa daga babban birnin jiha yake zuwa, can zai mayar da fuskarsa. Mai shago a Kwangila ba shi da abin da zai riƙe shi da shi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau, na kuma yi murna da shi. Sai dai ko da an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, rabin ciwon kawai ya taɓa. Kuɗin zai ci gaba da zuwa daga rijiyoyin man Neja Dalta da tashoshin jiragen ruwan Legas, ba daga aljihun mutanen Kwarbai ko Muciya ba. Kuɗin da mutum bai ji zafin fitarsa ba, ba ya bin sawunsa. Ciyaman zai sami 'yanci daga gwamna, amma wannan bai sa ya shiga hannun mutanen gari ba.

Ƙasar Zazzau ba baƙuwar haraji ba ce, kuma tarihin nan ne ya sa maganar take da nauyi a kunnen mutane. Tun kafin zuwan Turawa ana karɓar kuɗin galma daga manoma, kuɗin karofi daga marina, jangali daga makiyaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin da ya zargi sarakunan Hausa da shi. Bayan Turawa sun shiga Zariya a 1902, sai suka haɗe waɗannan kuɗaɗe suka mayar da su haraji na shekara-shekara, aka kafa baitulmali, En'e tana riƙe kasonta tana miƙa wa gwamnati nata. Da wannan kaso ake biyan hakimai da alƙalai da 'yan doka, ake gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani, ake ɗaukar duba-gari masu shiga gida-gida suna duba randa da shadda. Dattawan da suka ga wancan zamani suna yaba tsabtar garin, kuma suna da gaskiya. Amma su ne kuma za su ba ka labarin talakan da aka shanya a rana saboda bai biya ba, da wanda ya sayar da akuyarsa ɗaya tilo, da wanda ya gudu ci-rani don kada mai unguwa ya same shi a gida. Harajin kai ne, ba ya duba ko shekarar ta yi albarka ko fari aka yi. A kan wannan ne NEPU ta gina rabin gwagwarmayarta tun daga 1950, kuma Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri a wannan tafiya. Da PRP ta ci Kaduna da Kano a 1979, Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna.

Soke shi daidai ne. Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba, Tanzaniya ta soke nata harajin kai a 2003, Yuganda ta dakatar da nata a 2005, duka saboda tsadar karɓarsa da wulaƙancin da ke tattare da shi. Kuskuren shi ne ba a kafa wani abu mai adalci a gurbinsa ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya buɗe musu ƙofar asusun tarayya, kuɗin mai na kwarara, babu wanda ya ga dalilin wahalar da kansa da ƙidayar gidaje. Igiyar da ta haɗa mai biya da mai mulki ta tsinke, da sharrinta da alherinta gaba ɗaya.

Amma kada a ɗauka cewa talakan Zariya ya daina biya. Yana biya, kullum ma. Mai teburin tumatir a kasuwar Sabon Gari yana yankar tikiti, mai baro yana yanka, ɗan acaɓa da mai Keke Napep suna yanka a tasha, wani na hukuma, wani na ƙungiya, wani ma ba a san na wane ne ba. A ce naira 100 kacal mai teburi ke bayarwa a rana, kwana shida a mako. A shekara ya haura naira dubu 31, daga jarin da ƙila bai kai dubu 50 ba. Yanzu a ɗaga kai a dubi benen da ke bayansa mai shaguna ashirin, kowane shago ana karɓar hayar dubban ɗaruruwa a shekara. A dubi gidajen kwanan ɗalibai da suka cika Samaru da Hayin Dogo da kewayen Kongo, da gidajen mai, da makarantun kuɗi, da ɗakunan taron biki. Idan aka auna abin da mai irin wannan gini ke bai wa ƙaramar hukuma da abin da yake samu, za a tarar mai teburi ya fi shi biya nesa ba kusa ba. Kuma ginin ne ya fi fitar da shara, ya fi tura ruwa cikin lambatu, shi ne kuma darajarsa ke tashi ranar da aka shimfiɗa kwalta a layin.

Ga shi tikitin nan shi ne mafi wuyar tsarewa a duk hanyoyin kuɗin shiga. Ƙananan kuɗi ne masu yawa, suna bi ta hannuwa barkatai, a tsakiyar cunkoso, ba mai iya ƙirga masu talla nawa suka fito ranar. Littafin rasit na bogi ba ya da wuyar bugawa. Inda aka bai wa ɗan kwangila karɓar, yakan biya hukuma wani adadi da aka yanke, duk abin da ya tatsa sama da haka nasa ne, don haka ba shi da dalilin sassauci. Dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta haramta tare hanya don karɓar kuɗi, amma duk direban da ke ɗauko kaya daga ƙauye ya san yadda ake bin wannan doka.

Gini kuwa ba ya gudu, ba ya ɓuya, ba ya canja wuri ranar da masu karɓa suka fito. Shi ya sa a ƙasashe da yawa na duniya harajin gidaje ne ƙashin bayan kuɗin birane. Tsarin mulkinmu ma ya bai wa ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidaje masu zaman kansu don sa musu kuɗi, bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. A lura da kalmar masu zaman kansu, domin a Zariya tana da muhimmanci. Manyan gine-ginen garin, Jami'ar Ahmadu Bello, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, barikokin soja, filayen hukumar jiragen ƙasa, duk na gwamnati ne, ba sa cikin lissafi. Amma dukiyar da ta taru a gefensu saboda su, ita tana ciki.

Abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne ƙiyasi. Tsohuwar hanya tana buƙatar ƙwararren mai ƙima ya shiga kowane gida ya yanke darajarsa, aikin da zai ci shekaru, kafin a gama ma farashi ya canja, kuma ƙofa ce ta sulhu a bayan fage. Birnin Firitawun na Saliyo ya nuna wata hanyar. Bayan Yvonne Aki-Sawyerr ta zama magajiyar gari a 2018, sai aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka auna faɗin rufin kowane gini, aka tura matasa da wayoyi suna rubuta abin da ido ke gani daga waje: da me aka yi bangon, wane irin rufi ne, akwai titi mai kwalta a ƙofar ko babu. Kowane abu da makinsa, kwamfuta ta haɗa ta fitar da kuɗin. Gidajen da ke cikin rajista suka kusan ninkawa, suka haura dubu 100. Kuɗin manyan gidaje ya tashi sosai, na ƙanana ya sauka. Abin da na fi so a tsarin shi ne mai gida yana iya duba takardarsa ya ga dalilin adadin da aka sa masa, ya kwatanta da na maƙwabcinsa, ya kai ƙorafi idan an yi kuskure. Tsarin bai tafi sumul ba, gwamnatin ƙasar ta taɓa dakatar da shi a 2020. Masu manyan gidaje a kowace ƙasa su ne waɗanda hukuma ke saurara, kuma duk ciyaman da zai taɓa wannan aiki a Zariya ya san da su zai fara karo.

Darasin da ya fi kusa da mu yana birnin Kananga na ƙasar Kwango, gari mai talauci da ya fi namu, inda kusan babu mai biyan harajin gida kafin 2016. A shekarar gwamnatin lardin ta tura ma'aikata gida-gida a wasu unguwanni, wani masani mai suna Jonathan Weigel ya bi diddigin abin da ya biyo baya. Masu biya suka kai kimanin 1 cikin 10, wanda ba yawa ba ne. Abin lura shi ne mutanen unguwannin da aka shiga sun fi na sauran zuwa taron da hukuma ta kira, sun fi aika ƙorafi da neman bayanin inda kuɗi ke tafiya. Neman kuɗi a hannun mutum ya tashe shi tsaye. A 2018 aka sake gwaji: a wasu unguwanni ma'aikatan gwamnati suka karɓa, a wasu aka bar wa masu unguwa. Inda masu unguwa suka karɓa, kuɗin ya fi yawa da kashi 44 cikin ɗari. Da aka bincika dalili, sai aka ga yawancinsa sanin mutane ne, sun san wa ke da hali, wa za a koma wa bayan kwana biyu. Da aka sa ma'aikatan gwamnati su zauna da mai unguwa ya nuna musu gidajen kafin su fita, su ma sakamakonsu ya tashi. An kuma gano cewa inda masu unguwa ke riƙe kuɗi, cin hanci ya ɗan ƙaru. A gwajin nan dai aka rage wa wasu gidaje kuɗin har zuwa rabi, sai masu biya suka ƙaru har jimillar abin da aka tara ya fi na inda aka bar cikakken farashi.

Wannan ya yi daidai da ginin garinmu. Masarautar Zazzau tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane zaure daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, sun san gidan da ke hannun marayu, da wanda mai shi ke Abuja yana karɓar haya ta banki. Babu tauraron da zai ga wannan. A nemi saninsu wajen haɗa rajista da tantance waɗanda za a yafe wa, a biya su ladan aikin a fili. Amma kada kuɗi ya sake bi ta hannunsu. Mun ga abin da hakan ya jawo wa martabar sarauta a zamanin En'e, ba kuma adalci ba ne a mayar da mai unguwa abin gudu ga mutanen da yake sasantawa.

Ma'aikacin haraji shi ma sai an yi hattara da yadda za a zaburar da shi. A lardin Punjab na Pakistan an gwada bai wa masu karɓar harajin gidaje lada gwargwadon abin da suka tara. Kuɗin shiga ya ƙaru ƙwarai, amma a gidaje da yawa abin da ya tashi shi ne farashin toshiya, domin ma'aikacin ya sami ƙarin ƙarfin ciniki. Maganin shi ne raba ayyukan: mai ƙiyasi daban, mai kai takarda daban, biya kuma ta banki ko wurin masu POS, waɗanda yanzu babu layin da ba su.

A nan jihar Kaduna ta riga ta yi rabin tafiya. A 2016, zamanin Nasiru el-Rufa'i, aka yi dokar da ta tattara haraji a kundi guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, ta ɗora nauyin tarawa a kan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, har da kuɗaɗen da aka sani na ƙananan hukumomi ne. Aka kuma kafa KADGIS don rajistar filaye da taswirarsu. Kuɗin shigar jihar ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 20 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba na ganin hikima a ce kowace ƙaramar hukuma ta sayi nata na'urori ta fara daga farko. Damuwata ita ce idan jiha ce ke karɓa, kuɗin kuma ya narke cikin babban asusu, to mun koma gidan jiya: mutumin Tudun Jukun ya biya, bai san nawa unguwarsa ta tara ba, bai san wa zai tambaya ba. Jiha ta riƙe na'ura da taswira, amma a buɗe lissafi mazaɓa-mazaɓa, kuma doka ta ce kaso mai tsoka, ni da za a bi tawa rabi, zai koma mazaɓar da ya fito.

Akwai masu cewa yanzu ba lokacin wannan magana ba ne, kuma ba na raina hujjarsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanta ke fama, abinci da kuɗin mota sun cinye albashi. A cikin ganuwa akwai gidajen gado masu faɗi, na ƙasa, da iyalai goma ke zaune ciki ba mai samun abin kirki. Idan aka bi faɗin rufi kawai, su za a fi zalunta. Don haka gidan da masu shi ke zaune ciki, ba haya ba kasuwanci, a sa masa abu kaɗan ko a yafe gaba ɗaya a shekarun farko. A fara da gine-ginen da ke kawo kuɗi: shaguna, gidajen haya, otal-otal, gidajen mai. Kuma ranar da aka fara aika takardun, a ranar ne za a sanar da soke tikitin masu talla da masu baro da 'yan garuwa. Abin da za a rasa ba shi da yawa, tunda akasarinsa dama ba ya isa asusu, kuma jama'a za su ga cewa sauya kafaɗa aka yi wa kayan.

Wasu kuma ta fuskar addini suke kallon abin, suna cewa Musulmi zakka aka ɗora masa. Zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, kwashe bola da gyaran kwalbati ba sa ciki. Mutanen Zariya sun san haka a aikace, shi ya sa layi-layi ake karo-karo a sayi taransifoma, a haƙa burtsatse, a biya 'yan sintiri, a zuba marmara a hanya. Ba wanda ke kiran wannan zalunci, domin an san ma'aji, ana karanta lissafi bayan sallar isha'i, ana kuma ganin aikin. Mutanen da ake cewa ba sa son biyan haraji su ne ke biyan wannan ba tare da ɗan sanda ba.

Saboda haka hukuma ce za ta fara motsawa. Daga kason Abuja, a zaɓi mazaɓa ɗaya a ƙaramar hukumar Zariya, ɗaya a Sabon Gari, a yashe lambatu kafin ruwan farko, a tsayar da ranar da motar shara ke zuwa kuma ta zo, a sa wa gidaje lamba. Sannan a kai takardar biya. Bayan wata uku kansila ya tsaya a filin makarantar firamare ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, a manna kwafi a ƙofar masallacin Juma'a da coci da bakin kasuwa. Ma'aikatan da za su yi rajistar ba sai an nemo su daga nesa ba. A harabar Kongo aka fara horar da ma'aikatan mulki na Arewa tun 1947, har yau kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da sha'anin ƙananan hukumomi da tsara birane da safiyo, ɗalibanta suna neman inda za su yi aikin sanin makama.

Abu guda da zai buƙaci zama tsakanin ciyamomin biyu shi ne shara. Ƙidayar 2006 ta ba Zariya da Sabon Gari mutum kusan dubu 700 a haɗe, garin kuma ya ci gaba da faɗaɗa ta wajen Shika, wadda ke ƙarƙashin Giwa. Ledar da aka zubar a Samaru rafin Kubanni ne ke ɗauko ta ya bi da ita ta tsakiyar gari. Idan ɗaya ta kwashe ɗaya ta bari, kuɗin wadda ta kwashe ya tafi a banza. Juji guda na zamani a bayan gari, da motoci na haɗin gwiwa, kowace ƙaramar hukuma tana zuba kuɗi gwargwadon gidajen da ke cikin rajistarta, ya fi ƙarfin abin da kowace za ta iya ita kaɗai, kuma rajistar gidajen ce za ta ba su ma'aunin rabon.